Taurari Huɗu a Hannun Maigida

Shekarar da yanar ido ta rufe wa maigidana gani, 'yan tasharmu suka fara zancen karɓe rigarsa. Maigida nake ce masa don shi ya koya mini tuƙa mashin, shi ya fara sa ni a hanyar ƙauyen Betso. Ɗan ƙabilar Gude ne, dattijon coci, gajere mai faɗan tsiya, kuma rigarsa ta acaba ita ce lamba biyu a tasharmu da ke bakin gari. Dokarmu kuwa, wanda ya daina hawa zai miƙa rigarsa ranar zagayen da muke yi wa ƙauyuka a kan mashin duk shekara, a ba wani. Sabon ciyaman ɗinmu, wani matashi mai son a ji muryarsa, har ya yi wa ƙanin matarsa alkawarinta. Na ji haushin abin nan ƙwarai. Maigida matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Yola, ba shi da inda yake zuwa da safe sai tashar nan. In aka cire masa riga, ɗaki zai koma ya zauna shi kaɗai.

A da, zagayen nan tsere ne, muna yin sa a ƙarshen damina, har sai da aka kwashi mutum biyu zuwa wajen mai ɗori a rana ɗaya. Daga nan dattawa suka kawo karta. Ana tsayawa sau biyar, a fara a tasha a ƙare a tasha, a kowane wuri akwai dattijo riƙe da kartar wot a kife, mai zanen tauraro, ƙwallo, akwati da sauransu, kowa ya zari ɗaya da hannunsa. Wanda ya fi tara masu zane iri ɗaya shi ya ci, in aka yi kunnen doki kuma tauraro ke gaba, don shi ya fi ƙaranci a cikin karta. Ba wanda ke zuba ko sisi, shi ya sa liman da fasto duk suka kawar da kai. Wanda ya ci shi ne sarkin hanya na shekara guda, yana zaune a benci yana raba layi, kuma ba mai taɓa rigarsa.

Ranar da safe na biya gidansa na ɗauko shi. Ciyaman na ganinmu ya taso yana ɗaga hannu.

"Baba zai hau mashin ne da idon nan?"

Na ce, "Doka ta ce mutum ya zari karta da hannunsa. Nuna mini inda ta ce sai ya riƙe kan mashin."

Ya juya wajen dattawa, dattawa suka duƙufa kan goronsu. Ni kuwa har ga Allah na so ya ƙara kalma ɗaya, don a shirye nake da shi.

Kartar farko a tashar aka zara. Maigida ya laluba ya ja, ya miƙo mini wajen hanci.

"Me na samu?"

"Tauraro, Maigida."

"Kai kana gani da kyau? Kar ka faɗa mini abin daɗi kawai."

A ƙauyen Bahuli ya sake jan tauraro. A bakin mayo, wato kogi, inda wani dattijon Bafulatani ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiya, ya ja akwati. Duk hanyar nan bai bar kunnena ya huta ba. Ba ya ganin rami, amma ya san inda kowanne yake, tun ban kai ba zai dunguri haƙarƙarina. "Sauke giya! Yashi yana gaba. Haka na koya maka?" Shekarata arba'in da ɗoriya, da 'ya'ya biyar, ana dungurina a gaban mata masu roron gyaɗa.

A Betso ya ja tauraro na uku, ni ma na ja tauraro. A nan ne labari ya iso mana cewa ciyaman ya tara ƙwallo huɗu, yana ta nuna wa mutane. Na ja Maigida bayan wani rumbu kamar za mu sha ruwa. Lissafin a fili yake: in na sa taurarona a aljihunsa na zare akwatin nan, ya yi huɗu ke nan, ba mai sani. Shi kansa ba zai sani ba. Na ce bari in gyara masa riga, na zura yatsu biyu a aljihun. Caraf ya riƙe mini wuyan hannu, irin riƙon da yake yi wa birki.

"Me hannunka yana nema a wurin?"

Na yi ƙoƙarin janye hannuna, bai saki ba.

"Ido ne ya mutu, ni ban mutu ba. In riga zai tafi, ya tafi. Ba zan zauna a benci da kartan wani ba."

Kunya ta kama ni, haushi kuma ya fi kunyar yawa. Na tuƙo mu zuwa gari, shi kuma bai ƙara dungurina ba. A raina ina cewa tsohon nan ya jefar da rigarsa da kansa, taurin kai ya kashe shi.

Mu ne kusan na ƙarshe da muka iso tasha bayan la'asar. Ciyaman ya ja tasa ta biyar bai ƙaru da komai ba, amma yana tsaye da ƙwallonsa huɗu yana washe baki, ƙanin matarsa na gefensa. Aka miƙa wa Maigida kartar. Ya daɗe yana shafa bayansu da yatsa har wani ya ce, "Baba, ba tumatir ba ne." Ya zari ɗaya. Bai ba ni in duba ba. Ya haɗa ta da sauran huɗun ya ɗaga sama, fuskarsu na kallon jama'a, shi yana kallon bayansu.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. Tauraro ne, mai lamba bakwai. Tashar ta kaure da hon, masu shayi suka bar tukunyarsu, wani ya ɗaga tsohon cak yana juyi da shi yana yi masa zagin wasa da yarensu. Na yi kuka a gaban mutane, ban kuma ji kunyar yin sa ba. Ciyaman dai ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya ba ka," na kuma yaba masa da wannan.

Sai aka tuna cewa sarkin hanya shi ke jan ayari zuwa ƙofar gidansa, shi a gaba, sauran a baya. Na hau na tayar da mashin ina jiran ya hau bayana. Ya dafa kafaɗata.

"Matsa baya."

"Maigida, ba ka gani fa."

"Kai kana gani. Faɗa mini hagu da dama, sauran aikina ne."

Na matsa. Ya laluba ya kama kan mashin, ya sa giya ɗaya ba tare da mashin ya ko girgiza ba. Muka ɗauki hanya a hankali, mashin sama da talatin na biye da mu, ina rungume da ƙugunsa ina faɗa masa a kunne, dama kaɗan, miƙe, akuya a gaba. Muna dab da kwanar gidansa na buɗe baki zan ce hagu, ya riga ni karyawa.

"Rufe baki," in ji shi. "Nan na sani."