Akwatin Wifi a Langar Inna

Watan da ƙanwata ta haihu a Faransa na sa intanet a gidanmu na unguwar Adjamé Liberté. Ba don kaina ba, ni ina da shi a ofis a Treichville. Don Inna na yi, saboda ta rantse sai ta ga jikanta na fari da idonta ranar suna, ko da ta cikin kwamfuta ne.

Wayar tarho a ɗakin Inna take, don haka can ma'aikacin kamfani ya ajiye wani ɗan akwati mai ƙaho biyu a kan tebur, ya ce shi ke watsa wifi. Da safe in gwada, lafiya lau. Da la'asar in dawo in tarar matan unguwa sun cika gidan suna jiran kira, in buɗe kwamfuta a tsakar gida, fuskar ƙanwata ta fito rabi, ta daskare da baki buɗe. Shi ke nan. Sai mata sun watse abin ya dawo garau kamar ba shi ba, amma kafin nan mai jego da jaririnta sun yi barci.

Ni kuwa ba na leƙa ɗakin idan akwai mata. Ƙato da gemu, kuma ɗan fari, me zai kai ni? In sun tafi in shiga, in ga akwatin a kan tebur yana ƙyafta fitilunsa, mumini sak.

Na kira kamfani ya fi sau biyar. Kullum magana ɗaya: "Monsieur, ku kashe ku kunna." Na kashe, na kunna, na zage su da Faransancin da ban san na iya ba. Na naɗe akwatin a leda na kai wa wani mai gyara a Treichville, ya juya shi, ya ce, "Vieux père, wannan ya fi ka lafiya." Inna kuwa ta gama nata binciken. Ta ce wa ƙawarta, ina ji, "Baki ne." Na yi tsaki a zuci. Kwana biyar ke nan ba ta ga ko ƙafar yaron ba, ta daina cin abincin kirki, ni kuma kunya ta ishe ni.

Ranar suna da hantsi gida ya cika, an dafa shinkafa, Inna ta ci ado ta zauna gaban kwamfuta. Ko rabin fuskar ma babu. Zuciya ta ɗebe ni, na yi sallama na ratsa mata na shiga ɗakin. Tebur wayam. Na bi waya da hannu har cikin kabad ɗin jerenta, har cikin babbar langar ƙarfe da ta zo da ita gidan aure. Na ɗaga murfi. Ga akwatin nan a kwance, ƙahonin a lanƙwashe, ya yi zafi kamar tuwo.

Na fito da shi bakin ƙofa iya tsawon wayarsa, murfin a ɗaya hannuna, na ce, "Inna, wa ya sa shi a nan?"

Ba ta dube ni ba, da ma ba ta cika yi ba. Ta juya ga ƙawarta. "Ku gaya masa, abu mai tsada ba a barin sa a idon jama'a. Ran farko a kabad kawai na sa shi, duk da haka bakinsu ya kama shi. Shi ne na ƙara da murfi."

Na buɗe baki zan yi bayanin yadda ƙarfe ke tare rezo, wato sabis ɗin intanet, sai kukan jariri ya fito daga kwamfuta. Ga shi nan, ja wur, ya cika allon. Inna ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi.

"Wannan ne angon nawa? Ko gashi babu." Tana dariya, hawaye na zuba a kan sabon leshinta. Ni ma sai da na juya baya.

Mata suka yi caa. Wata ta ce, "Kai, wannan yaro da kyau yake, dubi ƙiba!" Ko tubarkalla ba ta ce ba.

Inna ta fizge murfin langar daga hannuna ta kifa a kan allon.

"Ya isa," ta ce. "Na gan shi."