Sabuwar Jijiya a Hannun Bahago

Shekara talatin da ɗaya Bahago ya yi yana aikin kafinta a shago guda, ko tabo babu a yatsunsa. Da hagu yake riƙe guduma, da hagu yake jan zarto, har 'ya'yansa sai da suka yi wayo suka san Bahago ba sunansa na gaskiya ba ne. Ba ya sayen katako sai ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. In ya ji ɗanye ne, sai ya ce wa mai sayarwa, "Mayar da shi, wannan bai gama kewar uwarsa ba."

Wata Talata da hantsi, injin yankan katako ya fizgi allon da yake turawa, ya haɗa da hannunsa na hagu. Yatsun sun tsira, amma naman bayan hannun ya tafi, har ana ganin ƙashi.

A asibiti, likitar da ta karɓe shi mace ce mai magana ƙasa-ƙasa. Ta jawo kujera ta zauna kusa da gadonsa.

"Baba, za mu yanko tsoka daga cinyarka mu rufe wurin. Amma tsoka ba ta rayuwa sai jini yana shigarta. Jijiyar da za mu jona ta ragargaje, ta ƙafarka kuma da muka saba ara, ciwon suga ya lalata ta."

"To, a sa ta roba mana."

"Ta roba in ta yi siriri haka, toshewa take yi. Akwai wata hanya, amma sabuwa ce. Za mu ɗauki ɗan naman jikinka, a raine shi a ɗakin gwaji har ya zama jijiya."

"Mutum nawa kuka sa wa?"

"Kai ne na bakwai."

"Shidan fa?"

"Huɗu suna nan lafiya lau."

Bai tambayi sauran biyun ba.

Mako takwas ya yi hannun na naɗe, ana wankewa ana sake naɗewa. A mako na shida ya nace sai ya ga abin. Aka tsayar da shi bayan gilashi, aka nuna masa wata kwalba mai ruwa jaja-jaja. A ciki akwai farin abu, kaurinsa bai wuce bututun tawadar biro ba, wani ɗan inji yana tura masa ruwa, yana kumbura yana sacewa kamar mai numfashi. Wani yanki nasa yana motsi a ɗakin da shi kansa aka hana shi shiga. Ranar bai ci abinci ba.

Aikin tiyatar ya ci awa tara. Bayan nan, duk awa nas takan zo ta danna tsokar da yatsa, ta ga ko jini zai dawo, sannan ta ɗora wata 'yar na'ura, sautin bugun jini ya cika ɗakin. Matarsa, wadda ko yankan kaza ba ta iya kallo, ta haddace launin wurin tsaf.

Rana ta uku da azahar, ita ce ta lura.

"Malam, wurin nan ya yi duhu."

"Inuwar labule ce."

Ta ja labulen. Duhun bai tafi ba. Nas ta ɗora na'urar, ta matsa nan, ta matsa can, ba a ji komai ba sai shuu. Cikin minti goma aka tura gadonsa, matar tana biye da takalmansa a hannu. Gudan jini ne ya toshe jijiyar. Suka ciro shi, tsokar ta rayu.

Ranar sallama likitar ba ta ɓoye masa ba. "Ba mu san shekara nawa za ta yi ba, Baba. Tana iya tsukewa a hankali. In hannun ya yi sanyi ko ya canza launi, kada ka jira gobe."

Ya koma shago bayan wata biyar. Ƙanensa ne ke kan injin yanzu, shi kuwa awo yake yi da goge-goge, yana koya wa dama abin da ba ta taɓa sani ba. Abokan aiki suna tsokanarsa wai sai a canza masa suna. Yakan yi dariya.

Wata safiya, shekara guda da 'yan watanni bayan aikin, matarsa ta miƙa masa kofin shayi, yatsunta suka taɓa nasa. Ta riƙe hannun, ta kama na daman ta gwada.

"Tun yaushe?"

"Ruwan sanyi na taɓa."

"Malam, tun yaushe?"

Ya dubi ƙasa. "Shekaranjiya."

Ta shiga ɗaki, ya ji tana jan durowa tana neman katin asibiti. Ya zauna yana ƙoƙarin dunƙule hannun. Yatsu uku suka amsa.