Mai Gadin Kayan Aro

Dogo ake ce masa, ko da yake akuya in ta miƙe sai ta leƙa tsakar kansa. Shekara tara yana aiki a wani kamfanin manhaja, teburinsa na jikin ƙofar bayi. Goggonsa na shelanta wa duniya cewa shi ke tuƙa kamfanin. Gaskiyar magana folda guda yake gadi, ita ma kayan aro ne a ciki: wani guntun manhaja da wasu suka rubuta suka saki kyauta, mai karanta umarnin da mutum ya buga a baƙin allon kwamfuta ya rarrabe abin da ake nufi.

Duk sanda abin ya yi gardama, maimakon ya kai ƙara wurin masu shi, sai Dogo ya farke cikinsa ya ɗora faci. Bai taɓa rubuta abin da ya canza ba. In an yi magana ya daki goshi, wai komai na nan. Faci kan faci, har ta kai ko masu kayan suka gani sai sun tambayi na wane ne. Shi kuwa ko a jikinsa, a lissafinsa muddin shi kaɗai ya san cikin foldar, kujerarsa ta kafu.

Ran nan masu kayan suka sanar an gano ɓaraka, kowa ya sauko da sabo. Shugabar sashe ta ba shi kwana uku. Yana ɗora sabon, umarni arba'in suka sheƙa lahira tashi ɗaya. Ya daki goshi, goshi ya ce bai san zancen ba.

A rana ta uku shugabar ta tsaya masa a ka.

"Malam Dogo, jerin gyare-gyarenka kawai nake so."

"Ranki ya daɗe, ai suna da yawa."

"Guda nawa?"

Ya tsura wa allo ido kamar mai jiran wahayi.

Aka ɗora wasu mata biyu daga teburin gaba a kan aikin. Cikin mako suka tone komai, suka gano rabin facin nasa masu kayan sun gyara tun shekara biyar, shi ne bai leƙa ba. Ba su ko yi masa dariya ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

Aka mayar da shi sashen amsa koken kwastomomi. A gida ya ce wa matarsa ƙarin girma ne. Washegari ya lallaɓa zai buɗe foldar, kwamfuta ta ce ba shi da izini.