Koren da Nerio Ya Kankare

Nerio Cavazzuti bai taɓa tuƙa motar tsere ba, ko a farfajiyar masana'anta. Fenti yake yi mata. Tun yana saurayi ya shigo ƙungiyar tseren motoci ta Tosatti, nan garinmu kusa da Modena a Italiya, ni kuwa da nake dafa wa ma'aikata abincin rana na san shi tun gashinsa yana baƙi. Mutum ne mai cin abinci a tsaye kamar wanda aka biyo. Na yi faɗa har na gaji na ƙyale shi.

Koren motocinmu shi yake haɗawa. Marigayi Tosatti, wanda ya kafa ƙungiyar, ganyen inabi ya tsinko daga gonarsa ya ce launin nan yake so, ba wani ba, kuma hannun Nerio ne ya fi kowa kama shi. In sabuwar mota ta fito daga ɗakin feshi, kore shar tana sheƙi, sai ya koma gefe yana goge hannu da tsumma. Ba ma yabonsa, don kana yabawa zai ja ka ya nuna maka inda ya kuskure.

Masu fenti ba sa bin mota ƙasa-ƙasa, aikinsu a ƙofar masana'anta yake ƙarewa. Sau ɗaya a shekara Nerio yake ganin motarsa tana gudu, wato in tsere ya zo garin Imola, nan kusa da mu. Ranar mukan tafi mu uku, ni da shi da matarsa Nives, mu shimfiɗa bargo a kan tudun da ke gefen hanyar tsere, da burodi da cuku da kwalbar giyar Lambrusco. Nives tela ce, ɗinki ya cinye mata ido. Takan zauna riƙe da hannunsa tana cewa, "Ni ban san lamba ba, ban san hular direba ba, amma koren mijina ko a cikin hazo na gane shi." Da motarmu ta ɓullo sai ka ji ta ce, "Ga tamu!" Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai, kunnuwansa su yi ja. Na tabbata don wannan maganar yake yin aikin, ba don albashi ba.

Ana nan 'ya'yan Tosatti suka sayar da ƙungiyar ga wasu masu zuba jari daga Amurka. Ba a jima ba hukumar tsere ta sauya dokoki: tayoyi suka ƙara girma, aka ƙara ƙarafan kare direba, motoci suka yi nauyi. Aka kuma ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a shekara, ko da kuɗin sun yi mata yawa. Motarmu ta fito ta fi sauran nauyi, ga shi ba damar a sake ƙera sassanta. A tsere kuwa nauyi lokaci ne, wannan ko ni mai tukunya na sani.

Sabon manaja, wani Bature daga Ingila mai suna Ashworth, har ɗakin abinci ya zo ya sami Nerio. Zan faɗi gaskiya, ba mugu ba ne, sai dai yana barbaɗa cuku a kan kifi, abin da ba a yi a ƙasarmu, kuma wannan ban yafe masa ba.

"Maigida Nerio," ya ce, "fenti ma yana da nauyi."

"Riga ma tana da nauyi, ranka ya daɗe, amma ban ga ka fito tsirara ba."

Ashworth ya yi dariya, sannan ya ce, "Babu abin da za mu cire a banza sai shi. Sunayen kamfanonin da ke talla a jikinta ba sa taɓuwa, sun biya. Kore kuwa ba wanda ya biya."

Nerio ya ajiye cokali. "In dole ne, ni zan kankare. Kada yaran nan su ɓata min jikin mota."

Haka aka yi. Bayan kowane tsere sai a zo a nuna masa sabon wuri, yau gefe, gobe fiffike, shi kuma ya zauna da takardar yashi yana goge abin da ya fesa da hannunsa. Garin da ya zuba ya share shi a faranti ya kai wa injiniyoyi su auna. Jikin motar na asali baƙi ne wuluk, ga shi sauran ƙungiyoyi ma da yawa haka suka yi wa nasu. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe kafin ya yi ritaya.

Da tseren Imola ya matso ya je ya roƙi a bar masa layin kore ɗaya tak a saman motar, inda mutanen tudu suke gani. Ashworth ya ce ko direba an rage masa ruwan da yake sha a cikin mota, da wane baki zai ce masa an mayar da kwalliya? Nerio bai yi gardama ba. Ya dawo ya ci abincinsa a zaune, ni kuwa nan na san abin ya taɓa shi.

"Ka gaya wa Nives?" na tambaye shi.

"In ce mata me? Abu ɗaya ya rage mata da take gani a duniyar nan, shi ma na goge?"

"To ranar fa? Ka san ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ke dai ki zo da cuku," in ji shi.

Ranar Lahadi muka hau tudu. Nives ta sa sabuwar riga, koriya, ita ta ɗinka da laluben hannu. Raina ya ɓaci da ganin rigar, har na rasa inda zan sa idona. Ta kama hannun mijinta kamar kullum. Aka tashi, ƙara ta cika kwarin, motoci suka ɓullo a jere, rabinsu baƙaƙe. Tamu ta wuce a tsakiyarsu. Nerio ya kau da kai yana kallon ciyawa. Ba a ji "Ga tamu!" ba.

Da ƙarar ta yi nisa, Nives ta juyo. "Nerio, tamu ta lalace ne?"

"A'a, ta wuce," in ji shi. "Nives, babu kore a jikinta. Na kankare shi duka, sabuwar doka ce. Shi ya sa ba ki gan ta ba."

"Kai dai tsohon banza ne," ta ce. "Yaushe rabon da in ga kore? Tun kafin a sayar da kamfanin komai toka-toka nake gani. Kai ne in ta taho kake matse min hannu har yatsuna su yi tsami. Yau kuwa ka bar min hannu sake kamar mataccen kifi."

Ni na shiga yankan cuku da ba wanda ya ce in yanka, don hawaye ya zo min.

Ƙarar ta sake tasowa daga ƙasan kwana. Nerio ya miƙa wuya yana lalube cikin baƙaƙen motocin, har ya gano lambar tamu. Na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi.

"Ga tamu!" in ji Nives. "Wayyo yatsuna. Ai kuwa bana ta fi ko yaushe kyau."