Saƙon da na ba surukina a sama

Shekarun baya, ban daɗe da aure ba, surukina ya zo Kutonu ganin likitan ido ya sauka a wajenmu a Zongo. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ko ruwa ba na iya sha a gabansa, gaisuwa ma daga bakin ƙofa nake durƙusawa in yi ta.

Ina da wani aboki, tare muka tashi a unguwa, yana aikin fitar da kaya a tashar jiragen ruwa. Shi Allah ya ɗora masa son tuƙin jirgin sama, har ya samu lasisi, yakan yi hayar wani ƙarami mai kujeru huɗu ranar hutu. Ni kuwa neman burge suruki ya sa na roƙe shi ya zaga da mu. Matata ta ce in rufa wa kaina asiri, tunda ko a kan zem, babur ɗin haya, in direba ya yi gudu sai na riƙe masa riga. Na ce mata ai wannan daban.

Abokina ya zaunar da mu biyu a baya, ya ce za mu fi ganin gari ta tagogi. Muka tashi da hantsi, muka bi ta kan tafki har wajen Abomey-Calavi, ina ta nuna wa dattijo gidajen da ke kan ruwa kamar ni na gina su. Muka juyo muka bi gaɓar teku. A nan na fara jin ƙauri, irin na baƙin mai in ya zuba a kan ƙarfe mai zafi. Kafin in tambaya, hayaƙi ya taso daga hancin jirgin, sai na hango harshen wuta yana leƙowa ta gefen murfin inji.

Abin da abokina ya yi, daga baya ne na fahimce shi. Ya datse mai, injin ya mutu, ya rufe kafofin da iskar inji ke shigowa ta cikinsu. Ya yi magana da filin jirgi da Faransanci a taƙaice, ya faɗi inda muke, sannan ya kashe lantarki. Sai ya dunƙufar da hancin jirgin ƙasa don ƙarfin iska ya hure wutar. Ni dai abin da na sani a lokacin shi ne inji ya yi tsit kuma teku na taso mana.

Abokina ya ce mu ƙara ɗaure bel, dattijo ya cire tabarau, a kan yashi za mu sauka. Ban san sa'ad da na rungume surukina ba. Hularsa ta faɗi. Na kifa kai a kafaɗarsa ina kuka, na kira 'yarsa da sunan da nake kiran ta in muna mu biyu, na ce ya faɗa mata ina son ta, ban taɓa son kowa kamar ta ba, har girkinta sai da na yaba.

Dattijo ya bari na kai aya, sannan ya ce a hankali, "To, yaro, ai ni ma a cikin jirgin nake."

Ya dafa min kai ya ci gaba da salati. Wutar ta mutu kafin mu kai ƙasa, sai hayaƙi. Abokina ya zare sakatar ƙofa tun muna sama don kada ta maƙale, ya lallaɓa jirgin ya ɗora shi a kan jiƙaƙƙen yashi. Muka yi tsalle, muka ja, ƙafar gaba ta nutse, muka tsaya. Ya fitar da mu ya kora mu nesa, ta ɓangaren da iska ke tahowa. Masunta suka yo kanmu da gudu, daga baya 'yan kwana-kwana suka iso. Babu wanda ya ji ciwo. An ce wani bututun mai ne ya tsage.

Sai da na ga muna raye sannan na tuna abin da bakina ya faɗa. A mota har gida ban ɗaga kai ba. Kwanakin da suka rage masa kuwa, da asuba nake ficewa shago, ba na dawowa sai na tabbata ya shiga ɗaki. Ranar da zai koma na raka shi tasha, ya yi min addu'a kamar kullum, bai ce komai a kan maganar ba. Na yi ajiyar zuciya, na ɗauka ya binne ta.

Da na dawo na tarar da matata tana ninke kaya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Baba ya ba ni saƙonka. Ya ce amana ce, dole ya isar."

Na ce tsoro ne, mutum ba ya cikin hankalinsa. Ta ce to ta ji, amma ita tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin wannan maganar daga bakina ba, sai da jirgi ya kama da wuta.

Abokina har yau yana tuƙi, kuma ina gode masa, don nutsuwarsa ce Allah ya sa ta zama sanadin tsirarmu. Ni ban sake hawa ba. Kunyar surukina ta ragu da shekaru, yanzu har hira muna taɓawa. Wadda ba ta ragu ba ita ce ta matata, da ta fara jin ina son ta daga bakin mahaifinta. A daren ranar da ta faɗa min saƙon na zauna kusa da ita na maimaita mata da kaina, ina kallon ƙasa.