Ba Kasuwa Na Tafi Ba

Uwar Aji ake ce mata a jami'a, don ta girmi duk 'yan ajin nesa ba kusa ba. Asalinta tela ce. Sai da keken ɗinki ya cinye mata ƙuruciya, ta yi aure, ta haifi 'yarta Shalele, sannan ta ce ita fa karatu za ta koma, kuma na renon yara. Dangi suka yi dariya har da riƙe ciki: wai yanzu raino ma sai an je jami'a? Ta bar su da haƙora a waje, ta ɗauki jakarta.

Da jami'ar ta tura ta ƙasar waje ta yi zangon karatu guda tana koyon aiki a wani gidan reno, surukarta ta yarda za ta riƙe Shalele, amma da sharaɗi. "Ban da sallama. Ki sulale tun ba ta tashi ba, ni ba zan iya da ihunta ba." Haka aka yi kuwa. Yarinya ta farka ta nemi uwa, aka ce mata ta tafi kasuwa.

Gidan renon a hawa na biyu yake, ga ƙananan kujeru, ga ƙugiyoyin rataye riguna daidai gwiwar babba. Tun makon farko ta tafka kuskure. Wani direban bas ya kawo ɗansa, yaron ya maƙale masa a wando. Uwar Aji ta kaɗa masa abin wasa, ta ƙifta wa uban ido, shi kuma ya zame. Shugabar gidan, wata doguwa mai furfura, ta bi shi har matakala ta dawo da shi. Ta sa ya durƙusa ya ce, "Zan tafi aiki, zan dawo bayan ka yi barcin rana." Yaron ya ɓare baki kamar ana yanka shi, can kuma ya share majina ya nufi kwandon motoci.

"A nan ba a gudu," in ji shugabar. "Wanda aka gaya wa, kuka zai yi ya gama. Wanda aka guje wa, gadin ƙofa yake komawa."

Maganar ta tuna wa Uwar Aji da Shalele. Da aka tashi ta kira mijinta, mai gyaran firiji, mutum mai gudun rigima.

"Baban Shalele, tsakaninka da Allah, ina take wuni?"

Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗa. Kullum sai yarinyar ta ja 'yar kujerarta zuwa bakin ƙofa. Nan take cin abinci, nan barci ke kwashe ta. Shi ya sa ma ba a ba ta waya, wai kada a tayar mata da hankali.

"Ba ta wayar."

Muryar surukar ce ta fito maimakon ta yarinyar. "Ke dai ba ki da tausayi! Kin bar naki kin tafi wanke kashin 'ya'yan wasu. Ko ki tattaro ki dawo, ko ki bar mu mu lallaɓa ta yadda muka iya."

Kunyar suruka ta kama ta, ba ƙarya. Amma zuciya ta fi ƙarfin kunyar.

"Mama, ki yi haƙuri. Dawowa kam sai na gama abin da ya kawo ni. Ƙaryar kasuwa kuma yau ta ƙare. In ba a ba ta ba, zan kira maƙwabta su miƙa mata."

Tsohuwa ta yi salati, ta ce duniya ta lalace. Aka dai miƙa.

"Umma, kin sayo min?"

"Shalele, ba kasuwa na tafi ba. Makaranta na tafi, mai nisa, a jirgi. Yau ba zan dawo ba, gobe ma haka. Sai an daɗe. Amma zan dawo, kuma kullum zan kira ki."

Kai, ihun da ya biyo baya sai da ta janye wayar daga kunne! Tana jin surukar tana cewa, "To, ai sai hankalinki ya kwanta," aka kashe. Uwar Aji ta zauna a kan wata kujerar yara, gwiwoyinta har ƙirji, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar tafiya. Washegari ta iso aiki da kumburarrun idanu, ita ce ma ta tare wata uwa mai shirin sulalewa.

Da yamma mijin ya kira. Ya ce Mama ta rantse ba za ta ƙara ɗaga wayarta ba. Shalele ma ta ce ba ta magana da ita, sun ɓata.

"Tana ina?"

"Tana tsakar gida da yaran maƙwabta, ta yi buɗu-buɗu da ƙasa."

"Kujerar fa?"

"Da kanta ta ja abarta ta mayar ɗaki."