Muryar Malam Har Kan Gadon Inna

Shekarar da ɓarin jikin Inna ya shanye, ba abin da ya fi ci mata rai irin rasa tafsirin azumi. Mahaifinmu, Malam, ke yin sa a masallacin unguwarmu a Gaya, kuma tun aurensu ba ta taɓa fashi ba. Ni kuwa na dawo hutu daga makarantar fasaha, kaina na hayaƙi, na ce zan kawo mata muryar Malam har kan gado.

Na haɗa 'yar na'urar watsa murya, na kafa ta kan tebur a masallaci, na ajiye wa Inna rediyo. Zuciyarta ita ce osileta, wato tiransisto ɗaya da naɗin wayar tagulla, su ke tsayar da tasha wuri guda a rediyo. Tawa ba ta san zama wuri guda ba. Rana ta yi zafi, tasha ta gusa. Mutum ya gifta kusa da ita, ta gusa. Janareton masallaci ya tashi, gurnani ya haɗiye karatun. Mai lafiya sai ya murɗa rediyo ya bi ta, amma hannun Inna ba ya murɗa komai. Nakan tarar da ita tana sauraron shuuu, ta zuba wa rufi ido.

"Bar shi haka, ɗan nan," in ji ta. "Ka yi ƙoƙari."

Wannan "ka yi ƙoƙari" ta fi zagi ƙona min rai.

Na warware komai. Na gajarce ƙafafun 'yan kayan cikinta, na sake naɗi da waya mai kauri, na raba na'urar da janareto na ba ta batirin mota. Amma in an taɓa tebur naɗin na rawa, rawar kuma na fita a rediyo. Sai na je garin Kademi na samo kakin zuma, na narka na ɗiga masa har ya sandare. Na rufe osiletar cikin gwangwanin madara, na ajiye a inuwa. Ƙanwata ta laƙaba min injiniyan gwangwani, na ce na ji, na amsa.

Bayan la'asar na kunna rediyo kusa da matashin Inna, na harɗe hannuwa. Muryar Malam ta fito garau, har buɗe shafi ana ji. Daga bisimilla zuwa addu'ar tashi ba wanda ya taɓa rediyon. Daɗi ya kama ni, na rasa inda zan sa kaina.

Da Malam ya shigo, Inna ta kafa masa ido.

"Malam, ashe tarin nan ɓoye min shi kake yi? Yau na ji shi sarai. Gobe sai asibiti."